Zaftarewar Dusar Ƙanƙara da Ruftawar Ramin Yashi: Haɗarin da Ke Ɓoye a Farkon Hunturu

Gabatarwa

A watan Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Gumel da Maigatari, aka gama kai amfanin gona gida, magina suka fara neman yashi da ƙasar gini, a daidai wannan lokaci ne dusar ƙanƙara ta farko ke sauka a kan manyan duwatsun Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Mai karatu zai iya cewa babu abin da ya haɗa waɗannan wurare biyu, tun da yake dusar ƙanƙara ba ta sauka ko'ina a Nijeriya, ko da a kan Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mai mita 2,419. Amma dokar da ke sa dusar ƙanƙara ta zaftaro daga kan dutse ta binne matafiyi, ita ce dai dokar da ke sa bangon ramin yashi ya rufta a kan mai haƙa. A duka biyun, abin da ido ke gani a sama yana da ƙarfi, raunin kuwa yana can ƙarƙashi a ɓoye. Wannan maƙala za ta bayyana yadda wannan rauni ke samuwa, da dalilin da ya sa farkon hunturu ya zama lokacin da ya kamata a fi yin hattara.

Mece ce Zaftarewar Dusar Ƙanƙara?

Da farko ya kamata a bambanta dusar ƙanƙara da ƙanƙarar da kan zo tare da ruwan sama a ƙasar Hausa. Ƙanƙarar damina dunƙule ce mai tauri kamar tsakuwa. Ita kuwa dusar ƙanƙara ƙananan ƙwayoyi ne marasa nauyi, kowace da rassa shida, waɗanda ke sauka a hankali kamar auduga, su taru a ƙasa. A nahiyar Afirka ana samunta a kan duwatsun Atlas na Maroko, inda dutsen Toubkal ya kai mita 4,167, da kuma ƙololuwar Kilimanjaro a Tanzaniya.

Idan dusar ta taru a kan gangaren dutse, wani lokaci takan saki ta gangaro gaba ɗaya. Wannan shi ne zaftarewa, kuma iri biyu ne suka fi yawa. A iri na farko, dusar a warwatse take, sai ta fara zubowa daga wuri guda tana faɗaɗa, kamar yadda gero ke zubowa daga gefen tsibi. A iri na biyu, dusar ta riga ta haɗe ta zama falle guda mai kauri, sai fallen ya tsage daga sama, ya sulɓe a lokaci ɗaya, wani lokaci faɗinsa ya fi filin ƙwallo. Wannan iri na biyu shi ya fi kashe mutane, domin cikin daƙiƙoƙi kaɗan gudunsa yakan wuce kilomita 100 a awa, kuma yawanci yana tsagewa ne a saman inda mutum yake, ba a ƙarƙashinsa ba.

Tarihi ya adana misalai masu tayar da hankali. A ranar 13 ga Disamba, 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, dusar ƙanƙara ta zaftaro a kan barikin sojojin Ostiriya a dutsen Marmolada, ta kashe fiye da mutum 200. A hunturun 1950 zuwa 1951, mutum fiye da 200 suka halaka a duwatsun Alps. A ranar 23 ga Fabrairu, 1999, mutum 31 suka mutu a ƙauyen Galtur na Ostiriya. Saboda irin waɗannan asarori ne masana suka duƙufa ga nazarin dusar ƙanƙara, musamman a Davos ta ƙasar Suwizalan, inda aka fara wannan bincike tun 1936.

Abin da Ke Riƙe da Kaya a Kan Gangare

Duk abin da ke zaune a kan gangare yana tsakanin ƙarfi biyu. Na farko nauyinsa ne, wanda ke jan sa zuwa ƙasa. Na biyu shi ne riƙon da ke tsakaninsa da abin da yake kai, wato gogayyar ƙwayoyi da kuma mannewarsu da juna. Gwargwadon yadda gangare ya miƙe, gwargwadon yadda kason nauyin da ke jan kaya zuwa gangara yake ƙaruwa. Ɗaliban lissafi za su iya tabbatar da cewa a kan gangare mai digiri 30, rabin nauyin kayan ne ke jan sa zuwa gangara.

Binciken shekaru masu yawa ya nuna cewa galibin zaftarewar falle tana faruwa ne a kan gangare mai digiri 30 zuwa 45. Idan bai kai digiri 30 ba, da wuya falle ya sulɓe. Idan kuma ya miƙe ƙwarai, dusar ba ta samun zama ta taru, sai ta riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Ke nan abubuwa huɗu ne ke haɗuwa kafin falle ya zaftare: gangare mai isasshen tsayuwa, da falle mai haɗe a sama, da shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinsa, da kuma abin da zai tayar da shi. Mai karatu ya riƙe waɗannan huɗu, domin za a sake cin karo da su a bakin ramin yashi.

Me Ya Sa Farkon Hunturu?

Dusar da ke kan dutse ba abu guda ba ce. Kowace saukowa tana barin shimfiɗarta, ɗaya bisa ɗaya, kamar tabarmi da aka jibga. Shimfiɗar da ta fi kawo matsala sau da yawa ita ce ta farko, wadda ta sauka a Oktoba ko Nuwamba, aka kuma yi makonni ba a sake samun wata ba.

Dalilin haka yana cikin bambancin zafi. Ƙasar da dusa ta rufe takan zauna kusa da digiri sifiri na ma'aunin Salshiyos, saboda ɗumin da ta tara tun bazara. Iskar da ke sama kuwa takan sauka ƙasa da sifiri nesa, musamman a daren da babu gajimare. Wannan bambanci yana sa tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙwayoyin ƙasa masu ɗan ɗumi, ya bi ƙananan kofofin da ke tsakani, ya daskare a jikin ƙwayoyin sama masu sanyi. Sannu a hankali ƙwayoyin sukan canza kama, su zama manya masu kusurwoyi, ba sa manne wa juna. Idan aka damƙa su a hannu ba sa dunƙulewa, sai su zube kamar sukari.

Masana sun gano cewa wannan canji yana kankama ne idan bambancin zafi ya kai kimanin digiri 10 a kowace mita ɗaya ta kaurin dusa. Alal misali, idan ƙasa tana kan sifiri, saman dusa kuma yana kan digiri 10 ƙasa da sifiri, kaurin dusar kuma rabin mita ne kawai, to bambancin ya zama digiri 20 a mita, wato ninki biyu na abin da ake bukata. Da a ce kaurin mita biyu ne, da bambancin digiri 5 ne kawai a mita, ƙwayoyin kuma da sun zama mulmulallu sun ƙara mannewa. Saboda haka dusa 'yar kaɗan ta fi mai yawa saurin lalacewa, kuma a farkon hunturu ne take 'yar kaɗan.

Daga baya sai babbar dusa ta sauko a Disamba, iska ta kwaso ta ta jibge a bayan tuddai, ta danne ta ta zama falle mai tauri. Yanzu an sami gini mai nauyi a kan harsashin sukari. Wannan shimfiɗa mai rauni tana iya zama a ɓoye makonni, wani lokaci har ƙarshen hunturu. Mai tafiya a sama yana jin tauri a ƙarƙashin ƙafarsa, ba ya ganin komai sai fari fat. Da nauyinsa ya isa ga shimfiɗar, sai ta burme, tsagar ta ruga ta ko'ina, fallen ya saki. An ƙiyasta cewa a cikin kowane haɗari goma da ya rutsa da matafiyan daji, kimanin tara su da kansu ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da shi. Akwai kuma wani abin lura: a farkon hunturu masu wasan sulu da masu hawan dutse sukan nufi inda dusa ta fi taruwa, wato kwazazzabai da gangaren da rana ba ta cika taɓawa ba, alhali nan ne tsohuwar shimfiɗar ta fi lalacewa.

Don haka ƙwararru ba sa dogara da abin da suka gani a sama. Sukan haƙa rami har ƙasa, su duba shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya, su gwada taurin kowace da yatsa. Sukan saurari wata ƙara mai kama da nishi da dusa ke yi idan ta burme, su kuma lura da tsaga mai gudu daga ƙafa. Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin haɗari guda mai matakai biyar, wanda ake sanar da jama'a kowace rana.

Jigayin Arewacin Jigawa

Sunan Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Kano a 1991, ya fito ne daga kalmar jigawa, wato tudu mai rairayi. A ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar noma kusan duk rairayi ce. Wannan rairayi iska ce ta tara shi dubban shekaru da suka wuce, a zamanin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take a yau. Masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya bayyana waɗannan tsofaffin tuddai na ƙasar Hausa a 1958. Da ruwan sama ya dawo, sai ciyayi da itatuwa suka rufe tuddan, saiwoyinsu suka ɗaure su.

Busasshen yashi yana da iyakar tsayuwar da ba ya wucewa. Idan aka zuba shi a ƙasa, gefen tsibin yakan tsaya a kan kimanin digiri 34, duk abin da aka ƙara kuma sai ya gangaro. Ralph Bagnold, wanda ya yi nazarin tuddan hamadar Libiya ya kuma wallafa littafinsa a 1941, ya nuna cewa ta haka tudun yashi ke tafiya: iska na tara yashi a ƙololuwa har ya wuce iyaka, sai ya zubo ta baya. Akwai ma wani ɗan ƙwaro mai tafiya da baya, wanda yara ke tonowa a gindin bango, da ke cin abinci da wannan doka. Yakan haƙa ɗan rami mai siffar mazurari, gefensa daidai kan iyakar tsayuwa, ya ɓuya a ƙasa. Da tururuwa ta taka baki sai yashin ya sulɓe da ita, idan ta yi ƙoƙarin fita kuma ya watsa mata yashi don ya tayar da sabuwar zaftarewa.

Ramin Yashi da Bangon da Ke Yaudara

To, idan iyakar yashi digiri 34 ce, me ya sa ake ganin bangon ramin yashi a tsaye ƙyam, wato digiri 90, har ya fi mutum tsawo? Amsar ita ce laima. Idan yashi yana da ɗan danshi, ruwa kan zauna a tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar ɗan zare, yana jan su ga juna. Shi ya sa yaro ke iya gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi a kan ƙafarsa. Amma wannan riƙo na aro ne. Idan ruwan ya yi yawa ya cike duk kofofin, riƙon ya ɓace. Idan ya bushe, riƙon ya ɓace.

A nan ne farkon hunturu ya shigo. Daminar wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Bayan ɗaukewar ruwa, yashin ƙarƙashin ƙasa yana nan da sauran laima, saboda haka yana yankuwa da shebur ya tsaya a miƙe. A lokacin ne kuma aikin gini ke tashi, masu buga bulo da tubali na neman kaya, tifofi da amalanke na zirga-zirga, musamman a gari mai hada-hada irin Maigatari, mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis da yankin ciniki maras haraji na kan iyaka. Sai busasshiyar iskar hunturu ta riƙa lasar fuskar bangon dare da rana tana zuƙe laimar. Bangon da ya tsaya lafiya makon jiya, wannan makon ba shi ba ne, ko da yake kamanninsa ba su canza ba.

Har wa yau, ƙasa ma shimfiɗa-shimfiɗa ce. A sama akwai ƙasar noma wadda saiwoyi da ɗan yumɓu suka ɗaure ta yi tauri. A ƙarƙashi akwai tsabtataccen yashi, wanda shi magina ke so, shi ne kuma ba shi da riƙo. Mai haƙa yakan bi wannan yashi yana kwarzanawa ciki, ya bar ƙasar sama tana reto kamar rumfa, har wani ya shiga inuwarta ya huta. Abubuwa huɗun nan sun cika ke nan: bango a tsaye, falle mai tauri a sama, shimfiɗa maras riƙo a ƙasa, saura abin tayarwa, wanda zai iya zama saran diga, ko girgizar tifa da ta matso baki, ko nauyin yashin da aka tara a gefe. Bambancin kawai shi ne, raunin dusa tururi ne ke haifar da shi cikin makonni, raunin yashi kuwa yana nan tun fil azal, bushewa da haƙa ne ke tona shi. Irin wannan haɗari yana tattare da haƙar rijiya da masai da ramin harsashi, da bakin kududdufi da gaɓar kwazazzabo. Ruwan farkon damina ma yana kawo nasa, domin yana ƙara wa ƙasar sama nauyi, ya bi tsagogi ya shiga ciki.

Abin da Ke Faruwa ga Jikin Wanda Aka Binne

Numfashi ba aikin hanci kaɗai ba ne. Kafin iska ta shiga huhu dole ƙirji ya buɗe, tantanin da ke raba ƙirji da ciki ya sauka. Idan yashi ya kewaye mutum, duk lokacin da ya fitar da numfashi ƙirjinsa ya ɗan matse, sai yashin ya cike gurbin, numfashi na gaba ya fi na baya wuya. Don haka mutum zai iya shaƙewa ko da kansa yana waje. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da iskar oksijin ba.

Wani bincike da aka wallafa a 1994, bisa bayanan haɗurran Suwizalan, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka tono daga dusa cikin minti 15 sun rayu, amma zuwa minti 35 adadin ya faɗo zuwa kimanin kashi 30. Yashi ya fi haka muni. Dusa tana da iska a cikinta, kuma ko bayan ta danne, mita ɗaya ta kowane gefe ba ta cika wuce rabin tan ba. Yashi mai wannan girma ya kai kimanin tan ɗaya da rabi, wato nauyin buhunan siminti 30. Ma'anar wannan ita ce, mutanen da ke wurin su ne masu ceto, domin kafin a kira taimako daga gari lokaci ya ƙure.

Sai dai mai ceto ma yana cikin haɗari. A watan Fabrairu na 2020, a lardin Van na Turkiyya, zaftarewa ta biyu ta auka wa masu aikin ceton waɗanda ta farko ta binne, jimillar mamatan ta wuce 40, mafi yawansu daga ta biyun. Bangon da ya rufta sau ɗaya yakan bar wani a tsaye wanda bai fi shi ƙarfi ba.

Matakan Kariya

Rigakafi ya fi magani. Dokokin aikin haƙa na Amurka sun tanadi cewa duk ramin da ya kai zurfin mita ɗaya da rabi sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, kuma a ƙasa mai yashi kwantarwar ta zama mita ɗaya da rabi a kwance ga kowace mita ɗaya ta zurfi. Wannan daidai yake da digiri 34 da aka ambata. Sun kuma tanadi a nisanta ƙasar da aka haƙo daga bakin rami da aƙalla santimita 60. Bayan waɗannan, ya kamata a kiyaye da cewa:

1. Ba a haƙa ta ƙarƙashin bango. A fara kwashe ƙasar sama, a riƙa sauka mataki-mataki.
2. Kafin a shiga rami kowace safiya a zagaya ta sama. Tsaga da ke bin bakin rami, ko yashi da ke tsiyayowa da kansa, alama ce ta a fita nan take.
3. Kada mota ko amalanke ta tsaya dab da baki alhali akwai mutum a ciki.
4. Kada mutum ya yi haƙa shi kaɗai, kuma kada a bar yara su yi wasa ko su fake a gindin bango.
5. Rijiya a ƙasa mai yashi a riƙa saka mata zoben siminti tun ana haƙa.
6. Idan haɗari ya auku, a sa mutum guda ya tsare bangon da ido, a kori 'yan kallo daga baki. A tona da hannu da shebur a hankali, ban da diga. A fara buɗe fuska a share baki da hanci, sa'an nan a buɗe ƙirji. Kada a fizgo shi da igiya. Ko ya miƙe da ƙafarsa a kai shi asibiti, domin naman jikin da aka daɗe ana dannewa yakan saki gubar da ke cutar da ƙoda.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna duk wannan da kayan da ke hannu. A zuba busasshen yashi a kan tebur, ɗalibai su auna tsayin tsibin da rabin faɗinsa, su fitar da kusurwar. A maimaita da gero da gishiri a kwatanta. Sa'an nan a cika gwangwani da yashi mai laima, a kife shi a rana, a rubuta tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya fara zubewa. A ƙarshe a shimfiɗa sukari siriri a kan allo, a zuba garin alkama a kai a danna shi ya yi falle, a riƙa ɗaga gefe guda a hankali. A sake yi ba tare da sukarin ba. Ɗalibai za su ga da idonsu cewa allon da ke da ɓoyayyiyar shimfiɗa shi ne ke fara saki, kuma a dunƙule yake saki.

Kammalawa

Mazauna duwatsun Alps ba su hana dusar ƙanƙara zaftarewa ba, sun dai koyi tona ta su karanta abin da ke ciki, suka kuma mayar da wannan ilmi sanarwar yau da kullum. A arewacin Jigawa ma abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba: sanin cewa yashi ba ya tsayuwa da kansa fiye da digiri 34, kuma duk bangon da ya wuce haka laima ce ke riƙe da shi zuwa wani lokaci. Ɗalibin da ya fahimci wannan, ya kuma gaya wa mahaifinsa ko yayansa da ke aikin yashi a wannan hunturu, ya yi amfani da kimiyya a inda ta fi amfani.